Ƙararrawar Papa Nooroa

Da rana ta take, idan zafi ya kwantar da kaji a gindin gwanda, Mama Upokoina takan shimfiɗa tabarmarta a baranda kusa da mijinta ta ba shi labarin gari. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Papa Nooroa, kuma kamar yadda muke yi a tsibirinmu na Rarotonga, a gaban gidansa aka binne shi. Nasa dai ya fi na kowa kusa, don tun yana da rai ya ce ba ya son ruwan sama ya riƙa dukansa, sai aka ƙara wa barandar kwano har ta rufe shi. An shafe wurin da farin tayil mai faɗin mutum biyu. Rabi nasa ne, rabi yana jiran ta, kuma tunda nata ne ba ta ga abin da zai hana ta fara morarsa tun yanzu ba. Tayil ɗin akwai sanyi.

"Gobe Matapo zai zo duba gida," ta ce masa tana fifita da ganyen kwakwa. "Ɗan Ake. Wai shi ne yanzu mai cewa gida ya isa a kwana a ciki ko bai isa ba. Yaron da ya jiƙa mana benci a coci ranar Kirsimeti."

Can bayan itatuwa teku na karyewa a kan duwatsun murjani, ƙarar da ba ka jinta sai ka yi shiru. Papa Nooroa bai ce komai ba. Da ma can ba mai yawan magana ba ne.

Maganar daga wajen 'yarsu Tekura ta taso, wadda ke aikin jinya a birnin Auckland, can ƙetaren teku. Bara Mama Poko, yadda kowa ke kiranta, ta zame a bayan gida wajen shanya, ta yi rabin yini a ƙasa kafin mai kawo burodi ya tsince ta. Tun daga ranar hankalin Tekura bai sake kwanciya ba. Ta gyara wa uwarta ɗaki a can, ta sa abin ɗumama ɗaki, ta sayi labule mai jan fure, ta turo hotonsa ta waya har sau uku. Gidan nan kuwa a riƙa ba baƙi 'yan hutu haya, kwana uku, mako guda, yadda rabin gidajen bakin teku suka koma. Sai dai ba a saka baƙo a gida sai da lasisi, lasisin kuma iri biyu ne. Akwai na gidan da mai shi yake zaune a ciki yana ba da ɗaki ɗaya ko biyu, akwai na gidan da aka bari ba kowa, makulli a hannun dillali. Tekura ta sauka da fom ɗinta a cike, ta riga ta yi maki a akwati na biyu. Ta zo da tikitin komawa guda biyu, na ranar Asabar.

Ba wanda ya tambayi Mama Poko, ita ma ba ta ce a'a ba. Mu a nan uwa ba ta iya kallon ɗan da ya haye teku dominta ta ce masa ba ta so. Sai ta ce to, ta je ta yi ta goge tukunyar da ba ta da datti. Mama Poko ta sa hannu a inda aka nuna mata. Tsoron tafiyar take yi, tsoro na gaske, mijinta kaɗai ta faɗa wa.

Mako guda Tekura ta yi tana aiki ba ji ba gani, takardar sharuɗɗa a hannu. An rataye jan abin kashe gobara a kicin. An sayi akwatin magani, an gwada ruwan tanki, an ɗaure tukunyar gas da sarƙa kamar akuyar da ta saba ɓarna. Har zanen gida takardar ta nema, mai nuna wa baƙo ta inda zai gudu in wuta ta tashi, a gidan da ke da ƙofa huɗu kuma ba a taɓa kulle ko ɗaya ba. Dillalin ya zo da turarensa mai hawa kai, ya ba da shawara a kafa wa kabarin shingen katako da tukwanen furanni, wai wasu baƙin ba sa son shan shayin safe kusa da mamaci. An kawo katakon an jingine a gefe. Tekura ba ta ko kalli wajen ba, domin tun da ta iso ta ƙofar kicin take shiga, ta nan take fita. Ta halarci jana'izar ubanta, amma daga ranar ba ta iya tsayawa a barandar ba.

Ranar Talata ta tafi Avarua, babban garin tsibirin, neman wata takarda, ta bar ƙararrawar hayaƙi, irin mai ihu in ta ji hayaƙin gobara, guda uku a kan tebur, farare, kowace kamar murfin kwano. Kafinta ya zo ya ɗaura ɗaya a babban ɗaki, ɗaya a na tsakiya, ya tsaya da ta uku a hannu.

"Mama, wannan fa?"

Mama Poko ta sa tabarau ta karanta da kanta, yatsa a ƙarƙashin layi. An rubuta a saka ƙararrawa sama da duk inda mutum yake kwana. Ta leƙa ɗakin baya, wanda Tekura ta girma a ciki. Keken ɗinki ne a wurin da tsofaffin akwatuna, rabon da wani ya kwana a ciki shekara ashirin. Ta fito baranda ta nuna masa rufi da haɓa.

Kafintan bai ga abin mamaki ba. Tasa kakar ma a ƙofar gidansu take binne, har fitila ya ja mata. Ya tuɓe takalmi, ya ce, "Gafara dai, Papa," ya hau kujera ya ɗaure ta a jikin katakon rufi.

Ita ce yanzu take ƙifta ɗan jan ido sama da su, lokaci-lokaci, Mama Poko tana kallonta har idanunta suka yi nauyi. Irin barcin nan ne na rana da mutum ba ya cikinsa kuma ba ya wajensa. Ta ga gidan ya saki ƙasa a hankali kamar kwalekwalen da aka kwance, da barandarsa da kajinsa, ya bi ta tsakanin itatuwan kwakwa ya sauka a kan ruwa. Nooroa na zaune a gaba, saurayi, da farar ƙasa a gashinsa kamar lokacin da yake gina gidan, yana tuƙi da cokalin magini. Baƙi farare sun zauna a tagogi suna jiƙa ƙafa, ba wanda ya san sunansu. Ita kuwa tana tsaye a wata gaɓa mai sanyi, bayan jan labule, tana ɗaga musu hannu. Ta kira shi, muryarta ta ƙi fita. A garin babu zakara ko ɗaya da zai tashe ta.

Zakaran gidan ne ya tashe ta, da cararsa ta ƙarfe uku na yamma, don zakarun tsibirin nan ba su taɓa sanin lokaci ba. Ta daɗe a kwance tana shafa tayil da tafin hannu.

Washegari da hantsi Matapo ya iso a kan ƙaramin babur da ke kukan wahala. Mutum ne mai shekara hamsin, tumbi ya riga shi shiga ko'ina, riga mai furanni, ga farin fure a bayan kunne. Ya sumbaci Mama Poko a kumatu.

"Mama Poko, har yanzu kin fi 'yan matan ƙauyen nan."

"Kai kuma har yanzu ba ka ƙoshi ba. Me babur ɗin nan ya yi maka?"

Ya yi dariya, ya gaisa da Tekura, ya buɗe fayil. A bakin aiki dai ba shi da wasa. Ya murɗa famfo, ya girgiza ƙarfen matakala, ya duba kwanan wata a jikin abin kashe gobara, ya durƙusa da ƙyar ya shinshina bakin tukunyar gas. Tekura na biye da shi da takardunta, Mama Poko na biye da su biyun tana jan ƙafa. Da ya zo kan zanen gidan sai ya tsaya. Mama Poko ce ta zana, ita da ta shekara hamsin tana yanka fasalin furanni a barguna, kuma hannunta bai iya barin gefen takarda haka nan ba. Ta kewaye shi da furanni, kibiyar gudu ta bi ta cikin ganye har gindin mangwaro.

"Wannan ai in gobara ta tashi baƙo tsayawa kallo zai yi," in ji Matapo. Amma ya yi maki.

Babban ɗaki lafiya, na tsakiya lafiya. A ɗakin baya, inda Tekura ta kwashe akwatuna ta sa sabon gado jiya, ya ɗaga kai ya ga silin fes.

"Ina ƙararrawar nan?"

"Uku na sayo," in ji Tekura. "Da hannuna na ajiye su a kan tebur."

"Ba ta ɓata ba," in ji Mama Poko. "Ku zo."

Ta bi da su ta ƙofar gaba. Tekura ta ɗan turje a bakin ƙofar, sannan ta fito kanta a sunkuye. Mama Poko ta nuna rufi. Ta ga dariya ta taho wa Matapo har bakinsa, ta kuma ga ta koma, domin ita ma uwarsa Ake tana kwance a ƙofar gidansa, ƙarƙashin rumfar da yake yi wa fenti duk shekara.

"Mama!" in ji Tekura. "Haba, Mama! Baba aka sa wa ƙararrawar gobara? In ta yi kuka tashi zai yi ya ruga gindin mangwaro?"

"Ni dai abin da takarda ta ce shi na yi. Ta ce inda mutum yake kwana. Ba ta ce sai mai minshari ba."

Matapo ya sosa ƙeya da biro. "Mama Poko, takardar nan masu rai take nufi."

"To ai akwai mai rai."

"Wa?" in ji Tekura.

"Ni."

Ba ta yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Da ta fito kuwa sai sauran ta biyo. Tun da aka binne shi ba ta taɓa kaiwa safe a babban gado ba, ya yi mata faɗi. Ko a makon nan shiga take yi ta kwanta, ta jira Tekura ta kashe fitila, ta ɗauko tabarma ta fito, ta koma kafin gari ya waye. Ta faɗi haka tana kallon ƙafafunta, kunya ta rufe ta kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar biki.

Matapo ya rufe fayil ɗinsa. "To ga yadda abin yake. Fom ya ce gida ba kowa, rufin nan ya ce akwai mai kwana. Ba zan sa hannu a kan biyun ba. Ko dai a kwance ta a mayar da ita ɗakin baya, aikin minti biyar ne, in sa hannu yanzu. Ko kuma a canza akwati, Mama ta zauna a gidanta, ɗaki biyu kawai a ba baƙi, a sayo ƙararrawa ta huɗu in dawo Juma'a." Ya zaro sukudireba daga aljihu ya ajiye a bakin tayil. "Na hango kwanon ɗanyen kifi da madarar kwakwa a kicin. Bari in je in duba ko ya cika ƙa'ida."

Ya bar su su biyu. Iska ta taso daga teku ta kaɗa ganyen ayaba, ta kwanta. Mama Poko ta sunkuya, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauki sukudirebar ta miƙa wa 'yarta.

"Ke kika san daidai," ta ce.

Tekura ta karɓa ba ta dube ta ba. Ta jawo kujera. Ba za ta ɗora ta a kan ubanta ba, dole sai a ɗaya rabin, don haka ta tanƙwara ta janye tabarmar. Mama Poko tana tsaye tana kallon 'yarta tana ganin abubuwan da ta ɓoye a bayan dutsen kabarin. Matashin kai da ya lotsa a tsakiya. Tabarau na biyu. Littafin waƙoƙin coci wanda bangonsa ya rabu. Kwalbar maganin hawan jini, wanda Tekura ke tambaya a waya kullum ko ana sha. Faranti cike da tokar maganin sauro. Kofin shayi biyu, ɗaya da tabon baki, ɗaya ba tabo.

Tekura ta daɗe a tanƙware. Sannan ta miƙe ta hau kujerar, ta kama ƙararrawar da hannun hagu don ta sami kan kusa, babban yatsanta ya danna maɓallin gwaji.

Abin ya tsala ihu. Kaji suka watse, karen maƙwabta ya ɗauka, tsuntsaye suka tashi daga mangwaro gaba ɗaya. Daga kicin Matapo ya ɗaga murya da abinci a baki, "Tana aiki!"

Da ƙarar ta mutu, Mama Poko ta dubi farin tayil ɗin mijinta ta girgiza kai.

"Kin gani ko? Ko motsi. Haka ya yi mini da ƙarar agogo shekara arba'in da shida."

Dariya ta ƙwace wa Tekura a kan kujerar. Ta yi ta yi har ta dafa katakon rufi, har dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Ta sauko a hankali ta zauna a ƙasa, sukudirebar ta gangara gefe. Ta ɗora tafin hannunta a kan rabin ubanta, karo na farko a shekara huɗu, ta bar shi a wurin.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Mama?"

"Kin riga kin sayi labule."

Tekura ta rufe fuska da hannu ɗaya. Mama Poko ta zauna kusa da ita, da dabara, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"In kika sake faɗuwa fa?" in ji Tekura. "Ina can, kina nan. Wa zai ɗaga ki? Mai burodi?"

"Baƙi mana. Ba ga su nan za su cika gida ba? Su ma su yi wani amfani, ba kwanciya a rana kawai kamar kifin shanya ba." Ta gyara zanenta a kan gwiwa, muryarta ta sauka. "In kuma faɗuwar ƙarshe ce, Tekura, a can sai an sa ni a akwati, a cikin jirgi, a ƙarƙashin jakunkunan mutane. Na je filin jirgi tarbar irin wannan sau nawa. A nan kuwa taku biyu ne."

Tekura ta ɗaga kai. Tana kallon gaba, ta tsakanin itatuwan kwakwa biyu inda ruwan ke bayyana, kore a kusa, shuɗi a nesa, da farin layin kumfa a ƙarshe. Wurin da Mama Poko ke kallo kowace safiya ke nan. Suka zauna har inuwar rufin ta matsa da faɗin tayil ɗaya.

"Matapo!" Tekura ta kira. "In ka gama duba kwanon, kawo fom ɗin."

Ya fito yana goge baki. Ta karɓi biro ta soke makin akwati na biyu, ta yi sabo a na farko, ta sa hannu a gefe. Ƙasa da shi akwai layin da ke tambayar mutum nawa ke zaune a gidan. Biron ya tsaya a sama.

"Ɗaya za ki rubuta, 'yar'uwa," in ji Matapo a hankali. "Ɗayan kowa ya san da shi."

Ta rubuta. Ta nuna katakon shingen da ke jingine, ta ce kafinta ya mayar da shi abin dafawa daga baranda har wajen shanya, kuma ba ta son jin wata magana a kai. Ta ce duk baƙon da ba zai sha shayi kusa da ubanta ba ya nemi wani gidan. Matapo ya ce sai Juma'a, ya hau baburinsa, kukan babur ɗin ya yi ta raguwa har teku ta haɗiye shi.

Mama Poko ta zaci daɗi za ta ji. Ta ji ɗin, amma ba shi kaɗai ba. Ta tuna ɗakin can da aka share aka gyara, da kujerar jirgi da za ta tafi ba kowa ranar Asabar, da 'yarta da za ta koma ta ci gaba da firgita duk lokacin da waya ta yi ƙara. Tausayin 'yarta ya kama ta.

"Ki aiko mini da labulen," ta ce. "A ɗakin baya zan sa."

"Baƙi ba za su lura da shi ba, Mama."

"Wa ya ce na baƙi ne? Ɗaki biyu aka ce. Wancan ɗakinki ne, mai shi tana nan da ranta."

Rana ta take, kaji suka koma gindin gwanda. Mama Poko ta warware tabarmarta ta kwanta a inda ta saba. Jim kaɗan ta ji an tsaya a kanta.

"Matsa, Mama."

Ta matsa wajen mijinta. Tayil ɗin na mutum biyu aka yi, amma ya ɗauke su su uku. Sama da su ƙararrawar tana ƙifta ɗan jan idonta, Mama Poko ta yi ta sauraron numfashin 'yarta har ya daidaita.